Kwamfutoci sun iso makarantunmu, saura masanan da za su koyar da kimiyya da su

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wani fannin ilimi da ba a cika jin sunansa a manyan makarantunmu ba, wato koyar da kimiyya da taimakon kwamfuta da ƙananan na'urori masu sarrafa kansu, waɗanda wasu ke kira saƙago, wasu kuma mutum-mutumi. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a nan birnin Sakkwato, kuma na haura shekara 20 ina riƙe da alli. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da wani tsohon ɗalibina ya yi mini ranar da ya zo gaisuwar Sallah. Ya gama digirinsa na farko a fannin koyar da fiziks, ya yi hidimar ƙasa, yana kuma son ya koma ya yi digiri na biyu da na uku a wannan fanni har ya zama malamin jami'a a kansa. Amma kawunsa ya ce masa wannan wasan yara ne, wani babba kuma ya ba shi shawarar in dai kwamfuta yake so, ya tafi sashen kimiyyar kwamfuta kai tsaye, ya daina raba ƙafa. Sai ya ce da ni, “Malam, akwai makoma a nan kuwa, ko in haƙura?” Amsar da na ba shi nake son faɗaɗawa, domin na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba, kuma rabin amsar tana hannun shugabannin jami'o'inmu da kwalejojinmu ne.

Da farko ya kamata a san abin da masanin wannan fanni yake yi, saboda mutane da yawa suna haɗa shi da mai koya wa yara buga rubutu a kwamfuta. Aikinsa shi ne ya gano yadda yaro yake fahimtar kimiyya, da inda fahimtarsa take karkacewa, sannan ya ƙirƙiro ko ya zaɓo kayan aikin da za su miƙar da ita, ya gwada su a aji na gaske, ya auna ko sun yi amfani ko ba su yi ba. Duk malamin fiziks ya san ɗalibin da zai kawo dokokin motsi na Newton guda uku da ka ba tare da tuntuɓe ba, amma in ka tambaye shi tsakanin babban dutse da ƙarami wanne zai riga isa ƙasa in an sake su tare, sai ya ce babban, da cikakken yaƙini. Ya san wanda zai zana da'irar lantarki daidai a takarda, alhali a zuciyarsa yana ganin wutar tana ƙarewa ne a cikin ƙwan lantarki kamar yadda kananzir ke ƙarewa a fitila. Hadda ba ta warkar da irin wannan ciwo, kuma maimaita bayani da ƙarfin murya ba ya warkar da shi, na gwada shekara da shekaru.

Fannin yana da tarihi, kuma a jami'o'i aka haife shi. Tun a 1960 Donald Bitzer ya fara gina tsarin PLATO a Jami'ar Illinois ta Amurka domin koyarwa ta kwamfuta. Amma wanda ya fi barin tasiri shi ne Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi shekaru yana aiki tare da Jean Piaget a Janiba kan yadda tunanin yara ke bunƙasa, kafin ya koma cibiyar fasaha ta MIT. A 1967 shi da abokan aikinsa suka fito da Logo, wani harshen ba kwamfuta umarni da aka tsara domin yara, daga baya kuma suka haɗa shi da wata 'yar na'ura mai taya da suka kira kunkuru, wadda ke yawo a ƙasa riƙe da alƙalami. Yaro zai umarce ta ta yi gaba taki 100, ta juya dama digiri 90, ya maimaita haka sau huɗu, sai ga murabba'i ya fito a kan takarda. In ya so ya zana alwatika mai gefe daidai, sai ya sa digiri 60 kamar yadda ya haddace, zanen ya ƙi rufewa, ya yi ta gwadawa har ya gano da kansa cewa juyin digiri 120 ake buƙata, domin jimlar juyin dole ta cika 360. Wannan shi ne tunanin Papert a taƙaice: yaron ne ke koya wa na'ura, kuma garin koya mata yake kama kuskuren kansa. Daga wannan zuriya akwatin harhaɗa saƙago na LEGO Mindstorms ya fito a 1998, manhajar Scratch ta koya wa yara ba kwamfuta umarni kuma a 2007. A wani ɓangaren, Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado a 2002, inda ake samar da gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo kyauta, waɗanda ake iya saukewa a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Mutumin da ya kai ƙololuwa a fiziks ya ga binciken yadda ake koyar da fiziks ya cancanci ƙarfinsa, don haka ina ganin kawun ɗalibina ya yi gaggawar yanke hukunci.

Kuma bincike ne mai ma'auni. A 1998 Richard Hake ya wallafa nazarin da ya tattara sakamakon ɗalibai fiye da 6,000 a kwasa-kwasan fiziks 62, ya nuna cewa azuzuwan da ɗalibai ke sa hannu, suna gwadawa suna muhawara, sun samu ƙaruwar fahimta kusan ninki biyu na azuzuwan da malami ke zuba bayani su kuma suna kwafa. Abin lura a nan shi ne tsarin koyarwar ne ya kawo bambancin. Na'ura tana da amfani ne gwargwadon yadda ta ba ɗalibi damar gwadawa.

Bari in ba da labarin abin da na gani da idona. Wani zangon karatu na sayi allon Arduino guda ɗaya da kuɗina, irin ƙaramin allon lantarkin nan mai karɓar umarni da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005, wanda bai kai tafin hannu ba. Na haɗa da ƙananan injuna biyu, da tayoyi, da na'urorin jin haske guda biyu. Da ni da wasu ɗalibai shida muka harhaɗa 'yar mota a kan guntun filanki, wadda aikinta shi ne ta bi baƙin layin da muka liƙa a kan farin kwali. Hikimar mai sauƙi ce: kowace na'urar jin haske tana harba haske zuwa ƙasa, farin kwali yana maido shi, baƙin layi kuma yana shanye shi, sai allon ya rage gudun tayar da ke ɓangaren da ya ga baƙi, motar ta karkato. A cikin aji ta yi aiki lafiya lau. Da muka fito da ita farfajiya da hantsi domin mu nuna wa sauran ɗalibai, sai ta miƙe ɗoɗar, ta tsallake layin kamar ba ta taɓa saninsa ba, ta faɗa cikin rairayi. Wani daga cikinsu ya ce, “Malam, wagga mota ta ƙiya!” Na kame bakina, ko da yake na hango dalilin. Suka canza batir, suka duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya, suka sake karanta umarnin da suka rubuta, ba su ga kuskure ba. Can sai wani yaro, wanda ba ya cikin masu ɗaga hannu a aji, ya cire hularsa ya yi wa gaban motar inuwa yana binta a durƙushe, sai ga ta tana bin layi tiryan-tiryan. Nan take gardama ta kaure a kan me rana ta yi mata. Kafin a buga ƙararrawa sun kai ga cewa na'urar tana aiki ne da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke can bayan ja a jerin launuka, kuma rana tana zubo irinsa da yawan da ya rufe nata. Washegari suka yanko kwalin sabulu suka yi mata labule ta ƙasa. Na koyar da wannan babi na haske sau da dama a kan allo, amma ban taɓa jin ɗalibai suna musu a kansa a bakin ƙofar makaranta ba sai ranar.

Sai dai ni malamin aji ne, abin da na gani labari ne kawai. Ban san ko fahimtar ta zauna musu bayan wata shida ba, ban san ko dabarar za ta yi aiki a ajin da na taɓa riƙewa mai ɗalibai fiye da 90 ba, ban kuma san ko sauran da suka tsaya kallo sun ƙaru da wani abu ba. Amsa waɗannan tambayoyi aikin mai bincike ne wanda ya san fiziks, ya san ilimin koyarwa, ya san haɗa waya da rubuta umarni, ya kuma san ƙididdiga. Irinsa ne muke ƙarancinsa.

Akwai wani cikas da ya kamata in taɓo, wato sunan da muka ba abin. Da uba ya ji an ce za a koya wa ɗansa ƙera mutum-mutumi, abin da ke zuwa masa a rai shi ne sassaƙa surar ɗan Adam, kuma yana da hujjar yin taka-tsantsan. Hukuncin sura na malamanmu ne, ba na shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da zan iya shaidawa shi ne mafi yawan abin da ake ginawa a darasin kimiyya ba shi da kai balle fuska: mota ce mai taya, ko fanka mai tashi da kanta in zafi ya kai wani mizani, ko famfo mai kunna kansa in ƙasar fangalin albasa ta bushe. Kuma wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. 'Ya'yan Musa ɗan Shakir su uku sun bayyana na'urori kusan 100 a Bagadaza a ƙarni na 9, Al-Jazari kuma ya kammala littafinsa a 1206 yana bayanin agogunan ruwa, da injunan ɗaga ruwa, da na'urorin zuba ruwan wanke hannu. Masanin da ya tashi a cikinmu shi ne zai iya zama da iyaye da malaman unguwa ya yi wannan bayani a karɓa.

Dalilin da ya sa na ce saura masana shi ne abin da ya faru da kayan da aka riga aka kawo. Na taɓa aiki a wata makaranta da aka kawo wa kwamfutoci, aka yi biki, aka yanka kyalle, aka ɗauki hotuna. Bayan haka aka rufe ɗakin, makullin yana aljihun mutum ɗaya, saboda tsoron kada wani abu ya lalace a tuhume shi. Da aka buɗe bayan hunturu biyu, ƙura ta shige ko'ina, batiran ajiyar wuta sun mutu, wasu injunan kuma ba su sake tashi ba. Ko sau ɗaya ba a kira mu malaman kimiyya an tambaye mu wane darasi za mu koyar da su ba. Wannan cuta ba mu kaɗai ta kama ba. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, an gwada shi a wata firamare da ke Galadima kusa da Abuja, kuma a ƙasar Peru, inda aka raba dubban ɗaruruwa, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a sakamakon yara na lissafi da harshe ba. A nan gida kuwa, tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, sai kwamfuta ta zama a idon ɗalibanmu abin danna amsa kawai, ana koya musu ita mako biyu kafin jarrabawa.

Yanzu ga hanyar da mai son wannan fanni zai bi, kamar yadda na zayyana wa ɗalibina. Matakan malamin jami'a a Najeriya bakwai ne, daga mataimaki mai digirin farko, zuwa mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa, wanda dokar 2012 ta ba damar aiki har shekara 70. Ba a yin nisa ba tare da digiri na uku ba, kuma asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantun gwamnati. Ƙarin girma yana rataye ne a kan yawan maƙalun da mutum ya wallafa a mujallun bincike. Akwai ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda ke nan tun 1957, tana taro duk shekara, akwai kuma cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da saƙago da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta buɗe a Abuja a 2020. Ke nan ƙofofin suna nan. Matsalar ita ce mai wannan fanni yana faɗawa tsakanin tsangayoyi biyu. Tsangayar ilimi tana ganinsa injiniya, tsangayar kimiyya tana ganinsa malamin makaranta, kuma in lokacin tantance ayyukansa ya zo, wata tara da ya kwashe yana gina kayan darasi, yana gwada su a makarantun Wamakko ko Bodinga, yana gyara su, ba ta da gurbi a takardar maki. Abokinsa kuwa da ya raba takardar tambayoyi ga malamai 200 yana tambayarsu ko suna ganin kwamfuta tana da amfani, ya fitar da maƙala uku a wannan lokacin. Na karanta irin waɗannan kundaye da dama, kuma kusan kullum sakamakon ɗaya ne: malamai suna son kwamfuta, amma babu wuta, babu horo. Wannan mai gadin makaranta ma ya sani. Matashi mai hankali yana kallon inda lada take, sai ya bi can, ba zan kuma zarge shi ba.

Saboda haka roƙona ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa tun 1975 take kuma horar da mutanen wannan yanki, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da kwaleji da jami'ar ilimi masu ɗauke da sunan marigayi Shehu Shagari, wanda shi kansa malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa, shi ne su buɗe wa wannan fanni gurbi na musamman a digiri na biyu da na uku, inda ɗalibi zai samu masu duba aikinsa biyu, ɗaya daga tsangayar ilimi, ɗaya daga kimiyya ko injiniyanci. Su kuma sa a lissafta kayan darasin da aka gina aka gwada, aka kuma tabbatar da amfaninsu, a cikin abin da ake ƙara wa malami girma da shi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana da masu hannu a lantarki da ƙira, sai a jawo su. Kuɗin da wannan ke buƙata bai kai na ɗakin kwamfuta guda da aka rufe ba.

Abin binciken kuwa yana nan jibge, kuma babu wanda zai zo daga Amurka ko Ingila ya yi mana shi. Lokacin da BBC ta raba ƙaramin allon micro:bit ga yara kusan miliyan ɗaya a Birtaniya a 2016, ba ta yi lissafin garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba, ko ƙurar hunturu, ko ɗaukewar wuta ta yini guda. Wane irin kaya ne zai jure wannan yanayi, kuma mai gyaran waya na kasuwa zai iya gyara shi? Yaya za a tsara darasi a ce allo ɗaya ya ishi ɗalibai goma ba tare da biyu sun mamaye shi takwas suna hamma ba, kuma ba tare da maza sun ture mata gefe ba? Cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, to me zai hana a haɗa kai da ita a fito da akwatin darasi mai cajin kansa, wanda za a ɗora a babur a zaga da shi makarantu biyar a mako? Sai kuma batun harshe, wanda ya fi damuna. Ranar da motar nan ta ƙi, duk gardamar da Hausa aka yi ta, kuma da Hausa aka gano amsar, sai da aka zo rubutawa a littafi aka koma Turanci, nan ne kuma rabinsu suka yi shiru. Ana buƙatar wanda zai bincika a wane mataki ya dace a shigo da kalmar Turanci, ya kuma zauna da masana harshe a daidaita kalmomin da kowane malami ke ƙirƙira wa kansa a yanzu. Hatta yadda za a isar da horo ga malaman karkara muna da abin koyi a gida, domin Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauyuka su taru a gabanta ba, jajis, wato mata jagororin karatu, ta horar ta naɗa musu malfa, su kuma suka kai karatu inda matan suke.

Ban ɓoye wa ɗalibina wahalar ba. Na gaya masa albashin matakan farko ba ya riƙe gida yadda ya kamata, yajin aiki yana iya tsayar da karatu, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, kuma zai yi shekaru yana bayyana wa mutane abin da yake yi. Na shawarce shi ya riƙe fiziks ɗinsa da kyau, domin wanda bai ƙware a abin da ake koyarwa ba na'ura ba za ta rufa masa asiri ba, ya koyi ƙididdiga tun yanzu, kada kuma ya yanke alaƙa da ajin sakandare ko da ya samu ofis a jami'a. Na ce masa ajina a buɗe yake duk ranar da ya tashi gwajinsa, na kuma ɗauko allon Arduino ɗin nan daga aljihun tebur na ba shi aro, da sharaɗin ya maido mini shi kafin mu shiga babin haske a zango na biyu.

Naka mai karatu,
Wani malamin fiziks,
Sakkwato.